Ƙafa 7.9 a allo, ƙafa 158 a hasumiya: nazarin lamarin matatar Texas City

Da ƙarfe 1:04 na rana, ranar Laraba 23 ga Maris 2005, ma'aikacin da ke zaune gaban allon sarrafa sashen ISOM (sashen da ke inganta man da ake haɗa fetur da shi) na matatar man BP da ke Texas City, a jihar Texas ta Amurka, yana kallon lamba guda da ke gaya masa tsayin man da ke cikin wata hasumiyar tacewa: kashi 78 cikin 100, wato ƙafa 7.9. Tun safe lambar ke sauka sannu a hankali. A cikin hasumiyar kuwa man ya kai ƙafa 158, saura ƙafa 12 ya taɓo samanta. Bayan minti 16 wurin ya kama da wuta. Mutum 15 suka rasu, 180 suka jikkata.

Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka, CSB, ta fitar da rahotonta a Maris 2007, kuma ba ta rataya laifin a wuyan abu ɗaya ba. Ta kawo rage kuɗin gudanarwa da kashi 25 a 1999, da gajiyar ma'aikata, da tsohon tankin zubarwa mai buɗaɗɗen baki (inda ake sakin mai idan matsi ya yi yawa) da ya kamata a ce an daɗe da maye gurbinsa, da ofisoshin tirela da aka girke kusa da shi. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma wasunsu sun fi allo nauyi a ma'aunin laifi. Wannan nazari ya ɗauki ɓangare ɗaya ne kawai: yadda aka tsara abin da ma'aikacin ke gani, da laƙaban da ke ciyar da allon nasa.

Abin da laƙabin ke gani

A tsarin sarrafa masana'anta, duk abin da ake aunawa ko ake juyawa yana da sunansa a cikin kwamfuta. Injiniyoyi suna ce masa tag, a nan zan ce laƙabi. Ƙarƙashin sunan akwai bayanin abin da ake aunawa, da ma'aunin da ake ƙirgawa da shi, da inda awon ya fara da inda ya tsaya, da matakan da ƙararrawa za ta buga. Yawancin na'urorin da ke fili wutar lantarki suke aikowa, tsakanin miliyamfa 4 da 20, laƙabin ne ke fassara 4 ya zama sifili, 20 ya zama 100. Sunan kansa ma yana da ƙa'ida. A tsarin ISA-5.1, wato ƙa'idar sanya wa na'urorin awo suna, harafin farko yana nuna abin da ake aunawa: L tsayin ruwa ko mai, F kwarara, P matsi, T zafi. Haruffan da ke biye suna nuna aikin na'urar. Saboda haka duk wanda ya ga LT-5100 ya san ma'aunin tsayi ne mai aika saƙo, LSH-5102 makunnin ƙararrawar cika ne, LCV-5100 kuma bawul ɗin da ke daidaita tsayin. Waɗannan ukun su ne 'yan wasan wannan labari.

Hasumiyar tana raba wani mai mara nauyi da ake kira rafinet gida biyu, mai sauƙi ya fita ta sama, mai nauyi ta ƙasa. Tsayinta ƙafa 170 ne, faɗinta ƙafa 12 da rabi. LT-5100 kuwa ƙafa biyar kacal yake gani, daga ƙafa 4 zuwa ƙafa 9 daga gindi. Wato sifili a allo yana nufin ƙafa 4, 100 yana nufin ƙafa 9. Abin da ke sama da nan, ƙafa 161, babu laƙabin da ya san da shi. Wannan a kansa ba aibu ba ne, haka ake gina irin waɗannan hasumiyoyi, domin a aiki na yau da kullum man bai kamata ya bar wannan ɗan tsakanin ba. Aibun shi ne allon yana rubuta kashi kaza cikin ɗari, zuciyar mutum kuma tana karanta shi kamar ma'aunin tankin mota: 78 na nufin akwai sauran wuri. Kashi 78 na ƙasa da kashi 3 na hasumiya ake magana, amma babu abin da ke tuna wa mutum haka.

Daga dare zuwa rana

An kashe sashen don gyara, ana ƙoƙarin tayar da shi. Ƙarfe 2 na dare da 'yan mintoci ma'aikatan dare suka fara tura mai cikin hasumiyar. Da 3:09 ƙararrawar cika da ke kan LT-5100 ta buga a ƙafa 7.6, kashi 72. Aka danna mata amsa, ta yi shiru. Ƙararrawa ta biyu, LSH-5102, wadda ba ta dogara da ta farkon ba, ya kamata ta buga a ƙafa 7.9. Ba ta buga ba, a lalace take, kuma ba wanda ya lura da shirun nata. Da 3:20 aka tsayar da turawa, allo na nuna kashi 99. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a lokacin man ya riga ya kai kusan ƙafa 13.

Ba ganganci ne na dare ɗaya ba. Ma'aikatan sun saba cika gindin hasumiyar fiye da abin da takardar aiki ta ce, saboda tsoron kada mai ya yanke wa tanderun da ke ɗumama shi, bututunsa su ƙone. CSB ta bi bayanan tayar da sashen sau 19 da aka yi a shekaru biyar kafin haɗarin, ta tarar wuce gona da iri a tsayin mai ya zama ruwan dare. Wanda ya ga ƙararrawa ta buga sau goma ba abin da ya faru, a na goma sha ɗaya hannunsa ne zai amsa ta, ba hankalinsa ba.

Miƙa aiki tsakanin ma'aikatan dare da na safe ya zo a gurguje. Abin da aka bari a littafin aiki ɗan layi ne da ke cewa an shigo da rafinet, ba adadi, ba inda aka tsaya. Da 9:51 na safe aka ci gaba da tura mai, ganga 20,000 a rana idan an auna da gudunsa. Bawul ɗin fita, LCV-5100, yana rufe, an bar shi a hannu maimakon a sakar masa ya riƙa daidaita kansa. Ma'aikacin allon ya fahimci cewa an ce kada a tura rafinet mai nauyi zuwa tankunan ajiya. Aka kunna wutar tanderu. Da 10:47 shugaban aikin, wanda shi ne ya san sashen sosai, ya tafi saboda rashin lafiya ta gaggawa a gidansa, ba a kawo madadinsa ba. Aka bar mutum ɗaya da allon sassa uku, mutumin da ya yi kwana 29 a jere yana aikin awa 12.

Daga 9:51 har kusan ƙarfe ɗaya, fiye da awa uku, mai na shiga, ko ɗigo ba ya fita.

Lambar da ta riƙa sauka

A nan gizo ke saƙa. Da LT-5100 ya tsaya cak a kan 100, ko ya haura, da wataƙila wani ya yi tambaya. Sai ya yi abin da ya fi haka muni: ya riƙa sauka. Da 11:16 yana nuna ƙafa 8.65, man na ƙafa 67. Dab da sha biyu yana nuna 8.4, man na ƙafa 98. Da 12:42 yana nuna ƙafa 8, man na ƙafa 140.

Dalilin yana cikin irin na'urar. Wani dogon ƙarfe ne mai kama da gwangwani, a rataye a cikin bututu a gefen hasumiyar. Gwargwadon yadda ya nutse a mai, gwargwadon yadda man ke ɗaga shi, na'urar kuma tana auna wannan ɗagawar ta ce ga tsayi. Muddin rabinsa na ciki rabinsa na waje, lissafin na tafiya daidai. Da zarar ya nutse gaba ɗaya, ko an ƙara ƙafa ɗari a samansa ba zai sani ba. Abu guda ne ya rage da zai iya sauya karatunsa: nauyin man. Mai idan ya yi zafi yana buɗewa, ya rage nauyi, ɗagawarsa ta ragu. Tanderu na ci, zafin gindin hasumiyar ya wuce digiri 300 a ma'aunin Farenhait alhali 275 aka tsara, don haka lambar ta yi ta zamewa ƙasa. Tun daren jiya LT-5100 ya daina zama ma'aunin tsayi, ya koma ma'aunin nauyin mai, amma sunansa da ma'auninsa a allo ba su canza ba.

Ƙari a kan haka, an saita shi ne da nauyin mai 0.8 idan an gwada da ruwa, lambar da aka ɗauko daga takardar bayani ta 1975, lokacin da hasumiyar ke wani aikin dabam. Rafinet mai zafi nauyinsa wajen 0.55 ne. Shekara talatin lamba ɗaya tana zaune a bayan laƙabi, an sauya abin da ke bi ta cikin hasumiyar, ba a waiwaye ta ba.

Wannan wurin ya kamata masu tsara laƙabi su daɗe a kansa. Tsarin sarrafawa na zamani yana liƙa wa kowace lamba shaidar inganci: mai kyau, mara kyau, ko abin shakka. Idan waya ta tsinke, wuta ta faɗi ƙasa da miliyamfa 4, allo zai sa alama. Idan awo ya haura iyaka, zai sa alama. Amma a ranar nan ba waya da ta tsinke, ba iyaka da aka haura. Saƙon yana tsakiyar inda ake tsammaninsa, yana motsi a hankali kamar na lafiyayyar na'ura. Duk wata tantancewa da ke duba laƙabin shi kaɗai za ta ce lafiya lau. Ba a kama irin wannan ƙarya sai an kawo shaida ta biyu daga wani wuri dabam.

A fili akwai gilashin leƙe a jikin hasumiyar, wanda mutum zai iya zuwa ya duba da idonsa. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai gilashin ya yi baƙi da datti, ba a ganin komai ta cikinsa, kuma shi ma gindi kawai yake nunawa. Ƙararrawar kashi 72 kuma tana nan a kunne tun 3:09, domin lambar ba ta sauka ƙasa da 72 ba. An amsa ta tun dare, ta zama wani layi a cikin jerin da ba mai karantawa.

Shiga a shafi ɗaya, fita a wani

Shaida ta biyun tana nan a cikin kwamfutar. Ana auna man da ke shiga. Ana auna rafinet mai nauyi da ke fita, ana auna mai sauƙi. Da waɗannan bayanan ne ma masu bincike suka sake gina tsayin man minti bayan minti. Abin da CSB ta gano shi ne ba a sa su a shafi ɗaya ba: shigar tana wani shafi, fitar tana wani, kuma babu inda kwamfutar ke ɗebe wannan daga wancan ta nuna saura. Mutumin da ke kula da sassa uku sai ya buɗe shafi, ya riƙe lamba a ka, ya buɗe wani, ya yi lissafi, kuma sai in wani abu ya sa shi zargi tukuna. Me zai sa shi zargi, ga tsayi yana sauka?

Ba sabon darasi ba ne. Ranar 24 ga Yuli 1994 matatar Texaco da ke Milford Haven, a yankin Wales na Birtaniya, ta fashe bayan an yi ta tura mai cikin wata hasumiya da bawul ɗin fitarta ke rufe alhali allo na cewa a buɗe yake. Mutum 26 suka ji rauni. A minti 11 na ƙarshe ma'aikata biyu sun sha ƙararrawa 275. Hukumar lafiya da kariya a wurin aiki ta Birtaniya ta ba da shawara a fili cewa a tsara allo ya ba da hoton aikin gaba ɗaya, har da lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Fashewar nan ta faru ne kusan shekara goma sha ɗaya kafin ta Texas City.

Me ya sa ake ta maimaita wannan kuskure? A ganina, saboda hanyar da ta fi sauƙi wajen zana allo ita ce a ɗauko zanen bututu na injiniyoyi a kwafe shi shafi bayan shafi. Zanen bututu an yi shi ne don mai gini da mai gyara, yana amsa tambayar me ke haɗe da me. Inda takarda ta ƙare, nan shafi ke ƙarewa, ko da kuwa rabin labarin na takarda ta gaba. Tambayar mai kula da allo dabam ce: abin da na zuba, ina ya tafi? Wanda ya zana allo bai zauna kusa da shi ya ji wannan tambaya ba, zai kawo shafuka masu kyan gani, kowace lamba a kusa da na'urarta, kuma babu wanda zai ce ya yi kuskure har ranar da abu ya ɓaci.

A Texas City, ƙarshen ya zo da sauri. Da 12:41 matsi a hasumiyar ya tashi zuwa fam 33 a kan kowane inci murabba'i, aka buɗe wani bawul da hannu aka sauke shi, aka rage wuta. Da 12:42 aka buɗe LCV-5100, mai ya fara fita sosai wajen 12:59. Matakin daidai ne amma ya zo a makare, har ma ya ƙara dagula lamarin: man da ke fita da zafi yana bi ta na'urar musayar zafi, ya ɗumama wanda ke shigowa da ƙarin digiri 141, abin da ke cikin hasumiyar ya kumbura. Da 1:14 mai ya malala ta bututun sama, matsi ya kai fam 63, bawul uku na kariya suka buɗe. Cikin minti shida galan 51,900 ya kwarara zuwa tankin zubarwa, wanda shi ma ƙararrawar cikarsa ba ta buga ba. Man ya yi tsiri ta bakin bututunsa mai tsayin ƙafa 113, ya zubo ƙasa, tururinsa ya bazu, ya tarar da wata motar a-kori-kura mai dizal da aka bari a kunne. Duk waɗanda suka rasu 'yan kwangila ne da ke cikin tirelolin nan ko kusa da su.

Da a ce an gyara allon

Gyaran farko a kan LT-5100 ne, kuma ba ya buƙatar sayen komai. Maimakon kashi cikin ɗari, a nuna ƙafa, a zana hasumiyar da tsayinta na gaskiya, a sa ɗan tsakanin da na'urar ke gani a matsayin ɗan yanki a gindinta, sauran a bar shi da launin da ke cewa nan ba mu gani. Sannan a ɗora masa sharaɗi: idan karatu ya taɓa kai ƙoli, kuma tun daga lokacin ba a ga mai ya fita ba, to duk abin da ya nuna bayan haka abin shakka ne, a sa masa alama. Laƙabi ba zai iya sanin haka shi kaɗai ba, sai an haɗa shi da laƙabin kwararar fita. Bayanin nauyin man da aka saita shi da shi, da ranar da aka saita, su ma wurinsu na cikin laƙabin, inda duk wanda ya danna zai gani. Da 1975 tana rubuce a nan, da wuya ta shekara talatin ba wanda ya ɗaga gira.

Na'ura ɗaya da za a ƙara ita ce ma'aunin matsi a gindin hasumiya. Man da ya kai tsayin ƙafa ɗari yana da nauyi, kuma bambancin matsi tsakanin sama da ƙasa zai tona shi ko da ma'aunin tsayi ya nutse.

A tsarin ISA-101, ƙa'idar zana allon sarrafawa wadda ta fito a 2015, ana jera shafuka hawa huɗu: na farko hoton duk abin da mutum ke kula da shi, na biyu sarrafa sashe guda, na uku bayanin na'urori dalla-dalla, na huɗu na bincike da gyara. Ana son bango mai launin toka, a ajiye ja da ruwan ɗorawa don abin da ya kauce kawai. Mutane sun fi riƙe maganar launi saboda ita ake gani, har wasu na ɗauka in sun mayar da allo toka sun gama. Ba a nan take ba. Allon toka da ya raba shiga da fita shafi biyu zai yaudari mutum kamar yadda mai launi bakwai zai yi. Abin da hasumiyar nan ke buƙata shafi ne na musamman don tayarwa, tunda lokacin tayarwa ne bawuloli ke hannu, matakai ke sauyawa, ƙararrawar da aka saita don aikin yau da kullum ke zama surutu. A shafin, layin shiga da layin fita su tafi tare a jadawali ɗaya na awa huɗu da suka wuce, halin LCV-5100 a gefensu, a rubuce ƙarara cewa a hannu yake kuma a rufe.

Sai laƙabin da babu shi sam a ranar, wanda ba na'ura ce ke ba shi lamba ba, lissafi ne: shiga, a ɗebe fitar sama, a ɗebe fitar ƙasa, a riƙa tara saura tun daga lokacin da aka fara turawa. Yana da nasa matsalolin, kada a ɓoye. Ma'aunan kwarara ba sa faɗin gaskiya sosai idan gudu ya yi ƙasa, ƙananan kurakuransu suna taruwa, don haka dole a mayar da shi sifili a farkon kowace tayarwa, a kuma ba shi sarari kada ya riƙa kuka a banza ya zama kamar ƙararrawar kashi 72. Amma a lamari irin wannan ba daidaito ake nema ba. Ganga 20,000 a rana ganga 833 ce a awa. Daga 9:51 zuwa 12:59 ya kama ganga 2,600 da wani abu, ba fita. Kuskuren kashi biyar ko goma ba zai ɓoye wannan ba.

Na yi lissafin a gurguje da faɗin hasumiyar. Kowace ƙafa tana ɗaukar galan 900 da 'yan kai, don haka ƙafa biyar ɗin da LT-5100 ke gani gaba ɗayansu ganga 110 ne ko kusa da haka, abin da gudun turawar ranar zai cika cikin minti takwas. A ce an ninka wannan sau uku don a ba bututu da tanderu haƙƙinsu, aka kafa ƙararrawa a kan ganga 330 da suka shiga ba su fita ba. Da ta buga wajen ƙarfe 10:15 na safe. A lokacin shugaban aikin yana nan, sai bayan rabin awa ya tafi.